BAZARA A BADAGIRI, ƘOFAR DA DAMINA KE SHIGOWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da ake nufi da bazara. Lokaci ne da rijiyoyi ke ja baya, dabbobi su rame, ƙasa ta yi zafi har ba ta takuwa da tsakar rana, da dare kuwa a fito da tabarmi tsakar gida a kwanta ana duban gabas ko Allah Zai sa a ga walƙiya. To, akwai wani gari can a ƙarshen Nijeriya ta wajen kudu maso yamma, a gaɓar teku, inda wannan lokaci yake da wata kama dabam. Garin shi ne Badagiri, cikin Jihar Legas, kilomita 60 da 'yan kai yamma da Ikko, kuma kimanin kilomita 20 kafin a kai Seme, watau kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin.

Dalilin da ya sa ya kamata manomin Daura ko na Gwadabawa ya ji labarin wannan gaɓa shi ne, ruwan da yake jira ya sauka a gonarsa cikin watan Yuni, ta nan yake shigowa ƙasar. Iskar da ke ɗauke da damina daga tekun Atalantika take tasowa. Ita ce ke tura busasshiyar iskar hunturu baya sannu a hankali, tana bin ta arewa. Takan fara zubar da ruwa a bakin teku cikin watan Maris, ta kai Ilori wajen Afrilu, ta kai Zariya cikin Mayu, sa'an nan Sakkwato da Katsina su sami nasu rabo cikin Yuni. Saboda haka ran da ruwan fari ya sauka a kan kwanon Badagiri, ana iya cewa daminar Nijeriya duka ta yi sallama a bakin ƙofa.

Baƙon da ya zo daga arewa cikin watan Maris yakan yi wa zafin garin dariya da farko. In an auna, zafin Badagiri bai cika wuce digiri 33 ba, alhali kuwa a Sakkwato cikin Afrilu yakan haura 40. Amma kafin ya kwana biyu zai gane cewa kowane allazi da nasa amanu. Zafin arewa busasshe ne, gumi na fitowa iska ta shanye shi. Na nan kuwa jiƙaƙƙe ne, riga takan manne wa mutum a baya tun da hantsi. Randa, wadda a Kano take sanyaya ruwa kamar an jefa ƙanƙara, a nan ba ta da wannan ƙarfi, domin iskar ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta shan raɓar da ke tsatsafowa ta jikin randar. Gishiri yakan dunƙule a cikin kwalba, ashana ta ƙi kamawa, kilishin da aka zo da shi tsaraba ya yi fumfuna in ba a cinye shi da wuri ba. Iskar teku kuma da gishiri take tafe, shi ya sa tsatsa ba ta barin kwanon rufi ko ƙyauren ƙarfe ya daɗe.

Shi garin kansa ba a bakin tekun yake zaune ba. Tsakaninsa da teku akwai wani dogon ruwa mai faɗi, mai kama da kogi amma ba ya gudu sosai, wanda ya taso tun daga Porto Novo ta ƙasar Benin, ya miƙe gabas har ya haɗu da tashar jiragen ruwa ta Ikko. Hayin wannan kogi akwai siririyar ƙasa ta rairayi cike da itatuwan kwakwa, bayanta kuma sai teku. Mutanen garin na asali ana kiransu Egun, su kuwa suna kiran kansu Ogu, harshensu kuma ɗaya ne da na mutanen Porto Novo. Da yawansu suna jin Yarbanci, waɗansu har da Faransanci. Garin yana da tsofaffin unguwanni takwas, kowace da basarakenta, sarkin garin kuwa ana ce masa Akran. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum sama da 230,000.

ASUBA A BAKIN RUWA

Ranar Badagiri takan fara tun kafin a kira assalatu. Masuntan kogi sukan fita da duhu cikin ƙananan kwale-kwale, mutum ɗaya ko biyu, wani na tura jirgi da gora, wani na jefa birgi. Suna da wata dabara kuma wadda za ta ba Sarkawan arewa sha'awa. Sukan kakkafa rassan itace da yawa a inda ruwa ba shi da zurfi, su bar su watanni, kifi ya taru yana kiwo yana hayayyafa a tsakaninsu. Ran da aka shirya sai a kewaye wurin da taru, a tsige rassan, a kwashe abin da Allah Ya bayar. Gona ce a cikin ruwa, kowa kuwa ya san iyakar tasa. Abin da aka fi samu shi ne karfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande.

A hayi, can bakin teku, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Babban kwale-kwale mai inji shi ke ratsa igiyar ruwa ya kai taru can ciki, ya zagayo da shi, a bar bakin igiya biyu a tudu. Sai maza su jeru a kan kowace igiya, mutum ashirin ko fiye, suna ja suna waƙa, suna takawa da baya cikin rairayi, wanda ya kai ƙarshen layi ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Jan yakan ci sa'o'i. Da yawa daga cikin masu wannan sana'a asalinsu mutanen Gana ne da Togo, waɗanda suka daɗe da kafa bukkoki a gaɓar. Mata suna zaune gefe da manyan kwanoni suna jira. Wata rana jakar tarun ta fito a cike. Wata rana kuwa a juye ta a tarar robobi da ledoji sun fi kifi yawa, sai a raba ɗan abin da aka samu, kowa ya kama hanya ba magana.

Bazara ita ce ƙarshen sauƙi ga waɗannan mutane. Tun daga wajen Nuwamba teku takan lafa, amma da damina ta kankama cikin Yuni sai igiyar ruwa ta ƙara girma, fita ta zama kasada. Don haka cikin Maris da Afrilu ba a wasa da ko yini ɗaya. Wanda bai fita ba yana gindin kwakwa yana ɗinke taru, ko yana toshe tsagar jirgi. Mata kuma suna ta bandar kifi a kan manyan murhuna na laka ko na rabin duro, don a ajiye na sayarwa zuwa lokacin da zai yi tsada.

Kogin shi ma yana da nasa lissafi. Da rani ruwan da ke gangarowa daga tudu ta kogin Yewa yakan ragu, sai ruwan teku ya yi ta kutsowa, gishiri ya ƙaru. Wannan gishiri alheri ne ga masu jirage, domin shi ke kashe wata irin kainuwa mai shuɗin fure wadda ta addabi ruwayen kudu. A wannan kogi na Badagiri aka fara ganinta a Nijeriya cikin 1984, ta biyo ruwa daga Benin, asalinta kuwa daga Amurka ta Kudu ne. Bahaushe yakan ce kainuwa dashen Allah, amma masuncin Badagiri ba ya yi mata wannan kirari, gama in ta yi yawa takan rufe fuskar ruwa kamar darduma, ta naɗe farfelar inji, ta hana jefa birgi. Cikin bazara ruwan yana nan tas. Da ruwan sama ya wanke gishirin sai ta dawo.

KASUWAR AGBALATA

Da hantsi hankalin gari yakan koma kasuwar Agbalata. Ranar da take ci mutane sukan zo ta mota da ta jirgi, har daga hayin iyaka. A wannan lokaci mangwaro ya fara nuna, agwaluma tana ban kwana, ga abarba, ga garin rogo da manja da tabarmi da bandar kifi jere a kan trebura. Amma sarkin kayan kasuwar kwakwa ce, irin wadda tsofaffi ke kira kwakwar Attagara. Akan tara ta tsibi-tsibi, a ɗura a buhuna, manyan motoci su ɗauka zuwa Ikko da Ibadan da arewa. Yarinyar da ke tallar kwakumeti a ƙofar makaranta a Zariya, ba mamaki kwakwarta daga wannan rairayi ta fito.

'Yan mishan na Katolika su ne suka kafa babbar gonar kwakwa a Topo, gabas da garin, cikin 1876, daga baya nomanta ya bazu a gaɓar duka. Cikin 1996 Gwamnatin Jihar Legas ta kafa hukuma ta musamman don kula da ita. Duk da haka masu gonaki suna da kuka. Itatuwa da yawa sun tsufa, sun yi tsawo, 'ya'yansu sun ragu. Irin na gargajiya sai ya shekara shida ko bakwai kafin ya fara haihuwa, saurayi kuwa da zai hau babur ya sami na cefane kafin magariba ba ya ganin dalilin wannan jira. Har ta kai ga wani kaso na kwakwar da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya daga Gana da Kwaddebuwa ake shigo da ita, ta wuce ta gaban waɗannan tsofaffin gonaki a cikin mota.

A wani sashe na kasuwar kunne zai ji Hausa kamar a Kurmi. Ga masu albasa ta Sakkwato da Kebbi, ga masu tumatir da tattasai na noman rani, ga masu wake da dabino, ga mahauta, ga 'yan ga-ruwa da masu gyaran takalma. Ciniki yakan gudana da ɗan Yarbanci da Turancin buroka da nunin yatsu. Ita ta kira shi "Malam" ko "Aboki," shi ya kira ta "Iya," a ja, a saki, a ƙara gyara, gobe kuma ta dawo wurinsa. Cikin 2024 da 2025 watan azumi ya faɗo a Maris, daidai lokacin da Kiristocin garin ke nasu azumin kafin Ista. Wanda ya yini yana tura kura cikin wannan gumi ya san darajar ɗanyar kwakwa da aka sare wa kai da adda a miƙo masa da magariba.

TITIN MARINA

Da rana ta take, baƙo yakan nemi inuwa a titin Marina da ke bin bakin kogi, a nan kuwa tarihin garin yake a jere. Akwai tsohon ofishin Di'o wanda aka gina cikin 1863, shekarar da Badagiri ta shiga hannun Ingila, yanzu an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Akwai wani farin gida mai hawa ɗaya wanda 'yan mishan suka gama cikin 1845, ana yi masa kirari da cewa shi ne gidan bene na farko a Nijeriya. Bakanon da ya san soraye, ko Bakatsinen da ya tashi yana ganin hasumiyar Gobarau, zai yi murmushi in ya ji haka, abin da ake nufi dai shi ne bene irin ginin Turawa. A wannan gida Samuel Ajayi Crowther ya zauna, wanda ya jagoranci juya Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Yarbanci. Cikin 1842 wani mai wa'azi, Thomas Birch Freeman, ya yi wa'azi a gindin wata babbar itaciya da ake kira agiya, iska ta kayar da ita cikin 1959, an kafa alama a gurbinta. Cikin 1843 aka buɗe makarantar da ake lissafawa a matsayin ta boko ta farko a ƙasar nan.

Sai dai kafin boko ya shigo ta wannan ƙofa, mutane sun daɗe suna fita ta cikinta a ɗaure. Badagiri tana cikin manyan tashoshin fataucin bayi na wannan gaɓa. Har yanzu ana nuna gidan Seriki Williams Abass mai ɗakuna 40, ƙanana, masu duhu, inda akan tsare bayi kafin jirgi ya zo. Labarin da zuriyarsa ke bayarwa shi ne, shi ma kama shi aka yi yana yaro aka kai shi Barazil, ya dawo ya shiga sana'ar da ta ci shi, daga baya ya zama shugaban Musulmin garin. Ya rasu cikin 1919. Wannan kalma ta "Seriki" kuwa ba wata ba ce illa "sarki" ta Hausa da ta yi tafiya har ta kai teku. A gidajen tarihin ana miƙa wa baƙo mari da sarƙar wuya ya ɗaga ya ji nauyinsu, yawancin mutane kuwa sukan ajiye da sauri.

Daga nan akan shiga jirgi a haye kogi zuwa Gberefu, tafiyar 'yan mintoci, sa'an nan a bi wata doguwar hanya ta rairayi da ƙafa har teku. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya wadda ake ba da labarin cewa akan tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta da gida. Bahaushen da ya bi wannan hanya kada ya ɗauka tarihin waɗansu yake kallo. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun sa an koro Hausawa da Nufawa da Barebari masu yawa zuwa tashoshin wannan gaɓa, aka haye da su Bahiya ta ƙasar Barazil. A can Hausawa ne suka shirya tawayen bayi na 1807 da na 1814. Cikin Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado, aka tarar da layu da takardu masu rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe.

Ta wannan gari kuma Turawa masu yawon binciken ƙasa suka nufi arewa. Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen Sakkwato suka sani da suna Abdullahi, daga Badagiri ya tashi cikin Disamban 1825 zai je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tafintansa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa na kiransa Pasko, wanda shi ma bauta ce ta kawo shi teku kafin a 'yanta shi. Sun haye Kwara a Bussa, suka bi ta Kano, ba su kai Sakkwato ba sai Oktoban 1826. A can ajali ya riski Clapperton ran 13 ga Afrilu, 1827, tsakiyar bazara. Baransa Richard Lander ya dawo Badagiri, masu fataucin bayi suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka ba shi guba ya sha don a gwada gaskiyarsa, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Cikin Maris na 1830 ya sake sauka a garin tare da ƙanensa, suka bi Kwara daga Bussa har suka ga inda ta faɗa teku.

Wanda ya gama wannan zagaye zai lura da abu guda. Kusan duk abin da ya shigo ta Badagiri wucewa ya yi. 'Yan mishan sun ƙara gaba zuwa Abeokuta cikin 1846, daga baya suka tare a Ikko. Ciniki ma ya koma Ikko bayan da Ingila ta mallake ta cikin 1861. A zamanin nan Kwalejin Horar da Manyan Ma'aikata da aka kafa cikin 1973 tana Topo, manyan ma'aikata da yawa na jihohin arewa sun yi kwas a cikinta. Cibiyar koyon Faransanci da aka buɗe cikin 1991 tana Ajara, ɗaliban jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato sukan zo su yi watanni. Duka dai baƙi ne, suna gamawa su ɗaure kaya.

HADARIN FARI

Da la'asar iskar teku takan taso ta ba gari numfashi. Tsofaffi su fito da kujeru bakin titi, yara su faɗa kogi, masu dara su kafa. Haka ake yi kullum har wata rana iskar ta ɗauke cak, ganyen kwakwa ya tsaya, kaji su yi shiru. Ko da yake daga teku laimar take zuwa, hadarin farkon damina daga gabas yake haɗowa, kamar dai yadda aka saba gani a arewa. Kafin a ankara gabas ta yi baƙi ƙirin. Mata su shiga lulluɓe kaya da leda, masu jirage su yi ta bugun ruwa su kai gaci, iyaye su yi ta ƙwala wa yara kira su bar gindin kwakwa, domin in iska ta kaɗo ɗaya daga wannan tsawo ta sami mutum a ka, sai wani ikon Allah.

Ruwan yakan sauko kamar da bakin ƙwarya, sau da yawa kuwa ba ya cika sa'a guda. Rairayi ya shanye nasa nan da nan, amma da yake garin kusan daidai yake da fuskar kogi, unguwannin da ke kwari sukan kwana da ruwa a tsakar gida. Da safe sai a ji ƙarar guduma ta ko'ina, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kwanon da tsatsa ta ci tun bara kuwa daren jiya ya tona asirinsa. Manoman ƙauyuka su fita da iri. Masarar da aka shuka a ƙarshen Maris akan gasa ta a bakin titi cikin Yuni, lokacin da manomin Gumel yake sa gero a rami. Ruwan da ke sauka a wannan yanki a shekara yakan kai kusan milimita 1,500, watau kamar ninki biyu na Sakkwato. Tare da shi kuma sauro ke zuwa, gidan da ba a gyara gidan sauro ba sai a shirya kuɗin magani.

A daren da aka yi wannan ruwa, hira takan sauya a teburin mai shayi. 'Yan cin rani da suka baro Zamfara da Jigawa da Tawa da Maraɗi tun bayan kaka, kowa ya shiga lissafi a zuci. Ruwa ya sauka a nan, ke nan saura wata biyu ko uku ya kai gida. Sai a ciro waya a kira ƙane ko kawu. An yi sharar gona? An kai taki? Nawa ake sayar da buhun na zamani bana? Da can tambayoyin a nan suke tsayawa, mutum ya ƙulle abin da ya tara, ya sayi atamfa da sabulu da kwakwa biyu na tsaraba, ya bi damina a baya har gida. A shekarun nan an sami ƙarin tambaya ɗaya ga mutanen Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, watau ko gonar tana shiguwa saboda 'yan bindiga. Wanda aka ce wa ba ta shiguwa yakan ajiye waya ya daɗe bai ce komai ba. Ta haka cin rani ya zama zama ga mutane da yawa, manomi ya shekara yana tura kura, yana kallon ruwan da ya san ina za shi.

IYAKA DA HANYA

Bayan kifi da kwakwa, abin da ke riƙe da garin shi ne iyaka. Shinkafa da gwanjo da kaji masu ƙanƙara sukan shigo, man fetur da kayan masana'antu su fita, wani ta hanyar doka, wani ta hannun 'yan fasa-ƙwauri cikin daji da kogi. 'Yan canji suna zaune a Seme da damin naira da sefa. Tsakanin Badagiri da Seme shingayen jami'ai sun yi yawa har ɗan gajeren zango yakan zama doguwar tafiya. Duk shawarar da aka yanke a Abuja kuwa, a nan ake fara jin zafinta. Cikin Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020. Cikin Nuwamban 2019 aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, masunci mai inji da mai injin niƙa suka shiga wahala tare da mai laifi. Da aka janye tallafin mai cikin Mayun 2023, ribar masu haurar da jarkoki ta karye, samari da yawa suka rasa abin yi.

Alkawura kuwa ba a rasa su ba. Cikin 2009 aka fara faɗaɗa babbar hanyar Ikko zuwa Badagiri, aka shafe shekara da shekaru matafiya suna cin rabin yini a tafiyar da ba ta kamata ta kai sa'a biyu ba. Bututun iskar gas da ke zuwa Benin da Togo da Gana ta wannan yanki yake faɗawa teku. Cikin 2016 aka fara haƙo ɗanyen mai a rijiyar Aje, can cikin teku daura da garin. Cikin 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a gina babbar tashar jiragen ruwa a Badagiri. Cikin Oktoban 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka yi tunaninta tun zamanin Shugaba Shehu Shagari. In Allah Ya sa ta kammalu, tafiyar da ta ci wa Clapperton da Abubakar Bagobiri wata goma, direban albasa zai yi ta cikin yini guda.

Wannan abin murna ne ga kudu da arewa baki ɗaya. Amma dattawan garin suna da dalilin yin tsaki, domin sun ga ƙofa ba ta cika cin abin da aka shigo da shi ta cikinta ba. Tun ba a ga jirgi ko ɗaya ba, dillalan filaye sun cika ƙauyuka, allunan sayarwa sun tsaya a inda kwakwa take. Kuɗin fili yakan ƙare kafin damina biyu, itaciyar da aka sare kuwa da tana nan da ta ciyar da jikoki. Masuncin da aka tashe shi daga gaɓa ba shi da takardar da zai nema aiki da ita a tashar zamani. Abin da ya kamata hukuma ta duba tun yanzu shi ne a ware gonakin kwakwa da matsayar masunta a tsare su da doka, a raba sabon iri mai saurin haihuwa, a koya wa 'ya'yan garin ayyukan da tashar za ta buƙata tun kafin a kawo waɗansu daga nesa. Wannan magana ta shafi ƙauyukan Kebbi da Neja da Kwara da hanyar za ta ratsa, gama dillalin da ya sauka a Badagiri bana, baɗi yana can.

Da dare ya raba, a tsofaffin unguwanni akan ji fitowar Zangbeto, dodon Egun mai siffar bukkar ciyawa, wanda tun kaka da kakanni shi ne mai gadin gari. Baƙo in ya ji shi ya san lokacin shiga ɗaki ya yi. Kwaɗi suna ta kuka a kududdufan da ruwan la'asar ya bari, daga hayin kogi kuma ana jiyo rugugin teku kamar cida mai nisa. Masunci ya kwanta da wuri don ya riga asuba, ɗan cin rani yana juyi a kan tabarma yana ƙirga kwanaki. Hadarin da ya wuce ya riga ya yi yamma, na gobe kuma zai ɗan ƙara matsawa arewa. Allah Ya kai shi gonakin da ke jiransa, Ya sa a noma lafiya, a girbe lafiya.